Gidan Dutse a Zauren Baba

Markar bana ta zo da naci. Sama ta rufe ruf, ruwan bai zuba sosai ba kuma bai ɗauke ba, sai yayyafi mai shiga ƙashi, kayan da aka shanya a igiya har sun fara warin danshi. Ina zaune a baranda a gidana na Gaya, na miƙe ƙafa ina jiran shayi, sai jikata Ummi ta zo ta zauna kusa da ni da wayar uwarta a hannu. An ba su aikin hutu na Turanci, wai su riƙa haɗa jimla biyu ta zama ɗaya da who ko which, ita kuwa ta ce abin ya ƙi shiga kanta.

"Wai kai tsoho, a ina ka koyi wannan abin har ka koyar da mutane?"

Na ce, "A zauren mahaifina, amarya, kusa da ƙafa mai kurkunu."

Ta ɗago kai ta tambaye ni mene ne kuma kurkunu. Na yi dariya har na ƙware. Ban taɓa zaton zan yi tsawon ran da zan ga yarinya ta shiga sakandare a ƙasar Gaya ba ta san kurkunu ba, kuma na gode wa Allah da na gani. Tambayar tata da wannan yayyafin su suka mayar da ni wata damina da ta wuce da daɗewa.

Muna Balan a lokacin. Ni ne babba a gidanmu, sai ƙannena mata biyu ƙanana. Na gama sakandare a Gaya, na ci komai amma na faɗi Turanci, kwalejin horon malamai kuwa ba ta ɗaukar mutum sai da shi. Mahaifina Malam Idi ya saurari bayanin, ya ce ya ba ni dama ɗaya in sake zama jarrabawar a ƙarshen shekara. "In ka ci, Allah ya sa albarka. In ba ka ci ba, ga fartanya nan, ita ba ruwanta da Turanci." Ba da faɗa ya faɗa ba, haka maganarsa take. Ni ma ba ƙin noma nake yi ba, har gobe ina noma, amma tun ina firamare nake son in tsaya gaban aji da alli a hannu, kuma son bai taɓa barina ba.

Wanda ya koyar da mu Turanci a Gaya, Malam Haruna, mutumin Ajingi ne, kuma duk hutun damina gida yake komawa. Ya aiko mana mu da muka faɗi cewa duk mai so ya same shi a zaurensa bayan azahar, ranar kasuwar Ajingi da wata rana a tsakiyar mako. Ba ya karɓar komai. Amma ranar da hutu ya ƙare karatun ya ƙare, don shi ma makaranta zai koma. Baba ya yarda in riƙa zuwa a kekensa, da sharaɗin in gama rabona na gona kafin in hau.

Daminar da ta gabaci wannan ba ta yi mana kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki, abin da muka samu bai taka kara ya karya ba. Rumbu biyu ne a tsakar gidanmu, ƙarami da babba. Daga ƙaramin ake ɗiba kullum. Babban kuwa a rufe yake, da hular ciyawarsa sabuwa, tsawonsa ya wuce danga har mai wucewa a hanya yana hango shi. Kafin ruwan farko Baba ya shiga ya fitar da iri, ɗan abin da ya rage ya mayar cikin ƙaramin, ya sake rufe babban kamar yadda yake. Duk mu na gida mun san babu komai a ciki sai ɓera, amma ba wanda ya taɓa furtawa, ko yaran.

Bazarar shekarar ta gasa mu sosai. Da rana ƙasa ba ta takuwa, da yamma ganye ba ya motsi, tsofaffi na gindin bishiya suna ta duban gabas. Ranar da hadarin ya haɗu har ya zubar, ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fito tsirara suna tsalle a cikin ruwa, awaki suka yi ta neman mafaka a bakin zauruka. Washegari da duku-duku muka fita shuka, Baba a gaba yana sara da sungumi, mu a baya muna jefa iri muna binnewa da diddige. Gero da dawa a babbar gona, gyaɗa a gefen da ya fi yashi. Shuka ta fito lafiya, muka yi noman firi, wato na farko, ni da Baba kafaɗa da kafaɗa. In an yi azahar sai in wanke ƙafa, in sha abin da ya samu, in ɗaura wandona a idon sawu don sarƙar keke, in kama hanyar Ajingi. Wani wurin yashi ne sai na sauka na tura, wani wurin taɓo ne sai na saɓa keken a kafaɗa. Yanzu in na bi hanyar a adaidaita sahu har barci nake yi.

Malam Haruna yana da allon katako da ya shafe da baƙin batir, da littafi guda wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. A cikin littafin akwai tarihin wani gidan dutse da wani basarake ya gina a kan tudu a ƙasar Turawa, tun zamanin da ake yaƙi da kibiya da takobi. Katangarsa mai kauri ce ƙwarai, da hasumiya a kowace kusurwa, an haƙa rami mai faɗi kewaye da shi an cika da ruwa, ƙofa ɗaya ce, ita ma sai ta kan wata gada da ake ɗagewa da sarƙa. Malam zai ɗauko labarin ya farfasa shi gajeru-gajeru a kan allo. Ga basarake. Basaraken ya gina hasumiya. Ga rijiya. Rijiyar tana tsakiyar gida. Aikinmu mu ɗinke su da Turanci su zama magana irin ta manya: basaraken da ya gina hasumiya, rijiyar da ke tsakiyar gida.

Ranar farko muka yi ta zare ido. Sai ya ajiye allin ya ce, "Ku daina kallona kamar na zo da sihiri. In an ce muku Audu, me kuke cewa?"

Wani ya ce, "Wane Audu?"

"Yawwa. Sai a ce Audun da jakinsa ya faɗa rijiya. To Bature ma haka yake yi. Sai dai shi akwai iyayi, kalmar Audu daban, ta jakin daban."

Yana da wata mugunta mai daɗi, Allah ya jiƙansa. Ba ya ba mu labarin gaba ɗaya. Kowace rana ɗan yanki zai ba mu, in mun ɗinke shi daidai ya rufe littafin ya cusa a aljihun rigarsa, ko mun roƙe shi ba zai faɗa mana abin da ya biyo baya ba.

Ana cikin haka, bayan firi da 'yan kwanaki, Baba ya fara ɗingishi. Wani ƙurji ya fito masa a idon sawu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Kowa ya san ko mene ne, don a lokacin ruwan kududdufi muke sha da damina, kuma kusan kowace shekara sai kurkunu ya kwantar da wasu a daidai lokacin da gona ta fi bukatarsu. Ƙurjin ya fashe, farar tsutsa siririya kamar zare ta leƙo. Wanzami ya zo ya kama kanta ya naɗe a tsinke, ya ce kullum a ɗan murɗa kaɗan, kada a yi gaggawa, in ta tsinke a ciki ƙafar za ta kumbura har gwiwa. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a zaure. Mutumin da ban taɓa ganin hantsi ya same shi a gida ba ya koma ƙirga azarar rufi.

Zaman ya dame shi, ya zama mai saurin fushi, ko kaza ta shigo zauren sai ta ji magana. Abu ɗaya ne yake kwantar masa da hankali. In na dawo daga Ajingi gab da magariba, kafin in jingine keken zai ce, "Isiyaku, yau me ya samu mutanen gidan dutsen?" Sai in zauna a bakin tabarma in ba shi da Hausa. Baba ba ya barin labari ya wuce shi a dunƙule. Da na ce basaraken ya mutu sai ya tare ni.

"Wanne daga ciki? Wanda ya gina, ko wanda ya gada?"

"Wanda ya gada, Baba."

"Wanda matarsa ta zo daga ƙetaren ruwa?"

"A'a, ƙanensa. Wanda ya ƙara wa katangar tsawo."

"To faɗa da Turancin in ji."

Sai in faɗa, shi kuwa yana gyaɗa kai a hankali kamar mai duba mini kuskure, alhali ko gaisuwa bai iya da Turanci ba. In na yi in'ina sai ya ce, "Wannan ba ta fita daidai ba, sake." Kuma gaskiyarsa ne, ba ta fita ba. A wannan zauren abin ya zauna mini, don Malam Haruna sau biyu a mako yake tambayata, Baba kuwa kullum, kuma shi ba ya gajiya.

Yana da nasa ra'ayin a kan mutanen. Maganar gadar da ake ɗagewa bai taɓa yarda da ita ba, ya ce marubucin ya ƙara gishiri. Da ya ji gonakinsu a wajen katanga suke sai ya yi tsaki, ya ce ganuwar Gaya da kakanni suka yi ta fi wannan hankali, don ita har da fili a ciki. Amma rijiyar tsakiyar gida ta burge shi. Ya dubi ƙafarsa ya ce, "Waɗannan ba su san kurkunu ba."

Abinci kuwa sai ja baya yake yi. Tuwo ya koma sau ɗaya, da dare. Da safe kunun tsamiya ne tsararo, da rana kwaɗon tafasa ko na rama da ɗan ƙuliƙuli, ka ci ka cika ciki, kafin la'asar cikin ya koma kiran ciroma. Akwai ranar da jiri ya ɗebe ni a kan keke, na sauka na zauna a gindin wata tsamiya har idona ya washe. Abin da ya fi wahala shi ne ratsa kasuwar Ajingi, ƙamshin ƙosai da na tsire suna bin mutum har ƙofar zauren Malam. Duk da haka ba zan ce muna cikin baƙin ciki ba. Ƙannena suna wasansu, muna dariya da daddare, gero yana ta tashi, kowa ya san saura ƙiris. Inna kuwa ba ta fasa dakan safe ba ko sau ɗaya. Ko hatsin bai wuce tafin hannu biyu ba sai ta daɗe tana luguden taɓarya, don maƙwabta su ji turmin gidan Malam Idi yana aiki.

Sai marka ta sauka, irin ta bana. Kwana da kwanaki rana ba ta fito ba, itace ya jiƙe, hayaƙi ya hana Inna buɗe ido a madafa, katangar bayan gida ta fara zubewa. Gero ya riga ya fi ƙarfin ciyawa, amma dawa da gyaɗa suna jiran maimai, kuma ni kaɗai ne a gonar. Ciyawar da na nome da safe, in na waiwaya washegari sai in tarar ta sake kama ƙasa tana tsaye. Ciyawar harƙiya ta shimfiɗe a kan gyaɗar har sai ka sa hannu ka buɗa kafin ka ga ganyenta, dawa ta fara yin rawaya daga ƙasa. Tafin hannuna ya farfashe, tsakanin yatsun ƙafata ruwa ya ci. Ina yi, gonar tana ƙara girma a idona.

Wata yamma Baba ya ce in tugo masa gindin gyaɗa ɗaya daga tsakiyar gona in kawo masa da ciyawar da ke jikinsa. Na kawo. Ya jujjuya shi a hannu yana dubawa. A lokacin labarin gidan dutse ya kai inda abokan gaba suka kewaye shi, an ɗage gada, hatsin da ke ciki ya fara ƙarewa, saura yanki biyu ko uku Malam ya rufe littafin, hutu ma ya kusa ƙarewa.

Sai Baba ya ce, "Isiyaku, daga gobe ka jingine keken nan. Safe da yamma gona."

Na ce, "Baba, a kira gayya mana. Yini ɗaya za a gama."

"In ciyar da su da me? In tara samarin gari in ba su kwaɗon tafasa? Kafin magariba Balan kaf ta san abin da ke cikin rumbun nan." Ya mayar da kansa kan matashi. "Ban kai nan ba tukuna."

Na ce to. Ban yi musu ba, ba a yi a lokacin, kuma na san bai yi don ƙeta ba, in gyaɗa da dawa suka tafi baɗi ma yunwa ce. Amma na zagaya bayan gida na tsaya a cikin yayyafi na yi kuka sosai. Na san in na bar karatun a nan, sauran abin da Malam zai bi da mu kafin jarrabawa ya wuce ni, kuma dama ɗaya aka ba ni.

Dangar kara ce ta raba gidanmu da na Ya Fanna. Babarbariya ce, kakanninsu suka zo daga gabas suka zauna a Balan, mijinta yana fataucin kanwa da noma. Inna kuwa Bafulatana ce, don haka tsakaninsu wasa ne, irin wanda ake faɗar abin da in wani ya faɗa sai an kai ga mai unguwa. Washegari da azahar na dawo cin kwaɗo, ina zaune a gindin rumbu, sai na ji muryarta ta danga.

"Ke 'yar Fillo, kwana biyu ban ga ɗan bokonku ya wuce a keke ba. Turancin ne ya ƙare?"

Inna ta ce, "Gona ta riƙe shi. Ke da fuska kamar an yi huɗa, ina ruwanki da Turanci?"

"A kira gayya mana. Ko rowar Fulanin ce ta motsa?"

"Malam bai ga dama ba."

Ya Fanna ta yi ƙasa da murya, amma ina ji. "Ke, raba ni da zancen nan. Kullum ina jin turminki, ƙarar itace nake ji, ba ta hatsi ba. Kajinki ma sun bar gindin babban rumbun sun dawo gidana kiwo, ni nake ciyar miki da su. Kin ɗauka mu makafi ne?"

 Ina hango Inna, ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

"Ki ce masa ya kira gayya jibi. Abinci ta ƙofarku zai fita, ba ruwan kowa da inda ya shigo. In kuma kika yi mini kuka a nan sai na tara miki mata."

Bayan la'asar Inna ta leƙa zaure ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, a kira gayyar. Abincin a bar mini."

Baba ya ɗago ya dube ta. "Daga ina?"

"Ka taɓa tambayata inda nake samo daddawa?"

Bai taɓa ba, kuma namiji ba ya bin diddigin abin da mace ta ajiye a ɗakinta. Ya daɗe yana kallon tsinken ƙafarsa, sannan ya ce in je in gaya wa sarkin noma da mai ganga.

Ranar gayyar Allah ya buɗe sama. Tun da sassafe aka zare karare uku ko huɗu daga dangar, aka yi 'yar kafa daidai wucewar ƙwarya. Ta nan abinci ya yi ta shigowa. Ba na Ya Fanna kaɗai ba ne, matan gidajen da ke bayanta ma ta gidanta suka biyo da nasu, wannan damammiyar fura, wannan ƙullun kunu, wannan garin tuwo a ƙoƙo, wata ma ɗan man shanu a kwalba. Ba wadda ta yi sallama, hannu kawai kake gani. Kowacce a cikinsu tana da nata ƙarancin a wannan watan, na sani, don ba gidan da marka ba ta taɓa ba. Inna tana karɓa tana juyewa a manyan ƙore, ta hura wuta mai yawa, hayaƙi ya tashi sosai daga gidan Malam Idi.

A gona kuwa samari sun jeru daga wannan iyaka zuwa waccan, kowa da kunyar da zai nome. Mai ganga yana binsu a baya, in ya ga wani ya fara sanyi sai ya matsa kusa da shi ya kira sunan kakansa, nan take ka ga fartanya ta ƙara sauri. Rana ta buɗe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, tururi yana tashi, gumi yana haɗuwa da taɓo a bayan kowa, warin ciyawar da aka tuge ya cika wurin. Ana tara ta a kan iyaka don kada ta sake kamawa. Ni ina noma ina komawa gida ɗauko abinci, kuma duk ƙwaryar da zan fita da ita sai na ratsa zaure ta gaban Baba.

A zuwa na biyu Inna ta rasa inda za ta juye wata fura, ta ɗora mini ita a ƙwaryar da ta zo a ciki. Tsohuwar ƙwarya ce da ta taɓa fashewa aka ɗinke ta, duk unguwar an san ta Ya Fanna ce. Ina shiga zaure idon Baba ya sauka a kan ɗinkin. Na tsaya cak, na sha jinin jikina. Ya kalle ta, ya kalle ni, sannan ya ce, "Yi sauri kada ta tsinke a hanya." Ya juya fuskarsa bango.

A bakin gona mijin Ya Fanna ya sha furar nan har ludayi uku, ya goge baki ya ce shi dai bai taɓa shan fura irin ta gidan Malam Idi ba, dole matarsa ta zo ta koya. Mazan da ke wurin suka ce ƙwarai kuwa, ba wanda ya yi ko murmushi. Har yau ban san ko ya gane hannun matarsa ba, amma ina zaton ya gane.

Kafin la'asar ta yi sanyi an gama. Na tsaya a kan iyaka ina kallon gonar, gyaɗa ta fito fili layi-layi, dawa tana kaɗawa, raina ya yi fari ƙal. Bana wannan gonar dai yara biyu na sa, da tankin feshi a bayansu, suka gama da ciyawar kafin hantsi, ban dafa wa kowa komai ba. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma bayana ya gode. Gangar ce dai ban ƙara ji ba.

Da na koma gida Baba ya tambaye ni ko an kai har gefen yashi, na ce an kai. Ya ce, "Gobe kasuwar Ajingi ko? Duba iskar tayar nan. Ka je ka jiyo mini yadda mutanen nan suka ƙare, sun tsaya mini a rai."

Na koma, kuma ban ƙara fashi ba har hutu ya ƙare. Malam Haruna ya bi da mu sauran abin da ya rage, a ƙarshe ya sa kowa ya rubuta tarihin gidan dutsen tun daga tushe da jimlolinsa a ɗinke. Jarrabawar na ci ta, ba da wani maki na a zo a gani ba, amma ta kai ni gaban aji, inda na tsaya har na yi ritaya. Ƙafar Baba ma ta warke kafin girbi, tsutsar ta fita ba ta tsinke ba.

Amma ranar da na kawo masa ƙarshen labarin ita ce ban manta ba. Na shigo da yamma, ya riga ya tashi zaune yana jirana, an ɗora ƙafar a kan matashi.

Na ce, "Sun daɗe a ciki, Baba. Hatsi ya ƙare, suka yanka dawakansu suka cinye. Sanyi ya kashe wasu. Daga ƙarshe su da kansu suka sauke gadar suka fito suka miƙa wuya."

"Ba a fasa katangar ba?"

"Ko dutse ɗaya ba a ciro ba. Littafin ya ce har yanzu tana nan, mutane na zuwa kallo."

Ya sa hannu ya ɗan murɗa tsinken a hankali, ya cije leɓe. "Duk tsawon zaman nan ba wanda ya miƙa musu ko ƙwarya ɗaya?"

"Ta ina, Baba? Ga tsawon katanga, ga ruwa kewaye."

Ya gyara ƙafar a kan matashi. Daga cikin gida ana jin Inna tana kwashe tuwo, yaran suna faɗa a kan ƙanzo.

"Allah sarki," in ji shi. "Ashe ba su da maƙwabta."

Sai ya ɗaga murya yadda za ta ji shi daga madafa. "Ke, in gero ya nuna, tumun farko na Babarbariyar nan ne. Kada a ce daga ni ne, kuma kada a bi ta ƙofa. Ta danga za a miƙa mata."